Bayan an gama biki, wa zai kula?

Masu sauraro, idan kuka duba irin sanarwar da hukumomin birane ke fitarwa game da ayyukansu, za ku ga abubuwa uku suna yawan fitowa tare. An ba da kwangilar sabon mutum-mutumi ko zanen bango a dandali. An ɗauko kamfanin da zai kawar da tsuntsayen da suka addabi jama'a. Can ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙe, an rage lokutan buɗe ɗakin karatu saboda ƙarancin kuɗi. Ana kawo su kamar babu abin da ya haɗa su, alhali ciwo ɗaya ne. Hukumomi suna da kuɗin saye, suna da kuɗin biki, amma da zarar aka zo kan kuɗin kula da abin da aka saya, sai a ce kasafi ya ƙare. Wannan abu ya ishe mu.

Mu fara da tsuntsaye, domin a nan aka fi ɓarnar kuɗi. Tantabarar birni ƙwai biyu take yi, ta yi kwanci na kimanin kwana 18, 'ya'yan su tashi bayan wata guda ko fiye kaɗan. Inda abinci ya wadata, tana iya maimaita hakan sau biyar ko shida a shekara. Ke nan yawan tantabaru a gari ya dogara ne ga yawan abincin da ke zube da kuma wuraren yin sheƙa. Idan ka kashe tantabara dubu ɗaya yau ka bar abincin yadda yake, ka rage wa sauran gasa ne kawai. Za su ƙoshi, su ƙara ƙyanƙyashewa, na wasu unguwanni su taso su cike gurbin.

An gwada an gani. A birnin Basel na ƙasar Suwizalan, tsakanin 1961 da 1985 an kashe tantabaru kusan 100,000, amma yawansu bai ragu ba. A 1988 aka sauya dabara: aka shiga wayar da kan jama'a cewa su daina zuba musu abinci, aka gina musu 'yan ɗakuna inda ma'aikata ke share kashi suna ɗebe ƙwai. Cikin shekara huɗu zuwa biyar, garken da aka ƙiyasta ya kai 20,000 ya ragu da kusan rabi. A Landan an haramta ciyar da su a dandalin Trafalgar a 2003, a Benis ta Italiya kuma aka hana sayar da hatsin tsuntsaye a dandalin San Marko a 2008. A duk waɗannan wurare, ta hanyar abinci aka bi. To don me har yanzu ake ba da kwangilar harbi da tarko da guba? Saboda kwangila ana sa mata hannu sau ɗaya a ɗauki hoto, shi kuwa kwashe shara a kan lokaci da sa wa kwandunan shara murfi aiki ne na kullum wanda babu mai tafa wa kowa a kansa. Ita guba ma ba ta zaɓe: tana kashe shaho da mujiya da kyanwar da ta ci mushen.

Hatta kayan kariya da ake sawa a gine-gine, rashin kula ne ke kashe su. Ragar da ake hana tantabara shiga da ita idonta milimita 50 ne, ta ƙananan tsuntsaye kuwa sai an sauko zuwa milimita 19. Idan aka ɗaura ta ba a ja ta sosai ba, ko kusurwa ɗaya ta ɓalle babu wanda ya duba, tsuntsaye su shiga su kasa fita, su mutu a ciki, wari ya tashi. Ƙusoshin da ake jerawa a bakin taga, idan aka manna su a kan kashin da ba a kankare ba, gam ɗin ba ya kamawa, ruwan sama na farko zai ɗauke su. Idan ganye da leda suka taru a tsakaninsu, tantabara ta samu tushen sheƙa ke nan. Mujiyar roba da ake kafawa don tsorata su kuwa, kwanaki kaɗan tsuntsaye ke yi su gane ba ta motsi. Shi ma kashin ba a share shi a bushe. Sai an jiƙa shi tukuna, ma'aikaci ya sa takunkumi da safar hannu, domin ƙurarsa tana iya ɗauke da cututtukan huhu. Wa aka ɗora wa duba wannan raga duk bayan 'yan watanni? Ba za ka ga sunan ofishinsa a sanarwa ba.

Wannan kashin kuma a kan me yake sauka? A kan mutum-mutumin da aka kashe wa maƙudan kuɗi. Akwai sinadari mai ci a cikin kashin, yana ɓata fuskar tagulla, yana riƙe laima a jikin dutse. Kula da tagulla ba wani abu ne mai wuya ba. A wanke ta da ruwa da sabulu marar ƙarfi da buroshi mai laushi, a bari ta bushe, a shafa mata kaki a goge, sau ɗaya ko biyu a shekara. A duba ƙananan hujojin da ke ƙasa, waɗanda ruwan da ya shiga ciki ke fita ta cikinsu, kada su toshe, domin idan ruwa ya kwanta, ƙarfen da ke riƙe da ita daga ciki zai yi tsatsa ya kumbura har ya tsaga ta. Amma abin da aka saba yi shi ne a yi banza da ita shekara goma, sannan gab da zuwan wani babban baƙo a turo ma'aikata da buroshin waya su kankare ta, su cire mata launin da maƙerin ya yi da gangan. Wannan ɓarna ba ta gyaruwa da sauƙi. Zanen bango ma haka ne: idan filastar tana tsotsar ruwa daga baya, ko indararo yana zuba a kanta, fenti zai ɓare komai tsadarsa.

Birnin Filadelfiya na Amurka ya fara ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin gine-ginen gwamnati domin ayyukan fasaha tun 1959, birane da yawa suka bi sahu. Tsari ne mai kyau, kuma ba na cikin masu cewa adon gari almubazzaranci ne. Masu wannan magana sun yi kuskure, gari ba titi da kwata kaɗai ba ne. Sai dai kason saye ba tare da kason kula ba rabin aiki ne. Kafin a karɓi aiki daga hannun mai fasaha, ya kamata ya miƙa takarda mai bayanin kayan da ya yi amfani da su, da abin da za a wanke shi da shi, da abin da ba za a taɓa shi da shi ba, da shekarun da ake sa ran zai yi. Hukumar da ba za ta iya ɗaukar nauyin wanke mutum-mutumi ɗaya ba, me ya kai ta sayen na biyu?

Sai ɗakin karatu, wanda shi ne kullum ake fara yanka. A Birtaniya kusan ɗakunan karatu 800 aka rufe tsakanin 2010 da 2019. Kuma ba a cika rufe su dare ɗaya ba. Da farko a daina sayen sababbin littattafai. Sai a cire lokutan yamma da na ƙarshen mako, wato daidai lokacin da ɗalibi da ma'aikaci ke da sukunin zuwa. Sai jama'a su ragu, sannan a ɗauko wannan raguwar a ce ga hujja, mutane sun daina karatu. Haba! Ku kuka kulle ƙofa a lokacin da suke buƙata, sannan ku ce ba su zo ba?

Ana yawan cewa ai yanzu komai yana cikin waya. Wanda ya zo cike takardar neman aiki a kwamfutar ɗakin karatu saboda ba shi da intanet a gida, shi zai ba da amsar wannan. Haka yaron da gidansu babu wurin da zai zauna shiru ya yi bita.

Akwai gyaran da ba ya cin kuɗi mai yawa. A watan Oktoban 2019 ɗakunan karatu na birnin Chicago suka soke tarar da ake ci idan mutum ya makara wajen mayar da littafi, kuma nan da nan littattafan da aka daɗe da fidda rai da su suka fara dawowa. Birnin New York ya yi haka a 2021. Dalilin a fili yake: wanda tara ta taru a kansa yakan ji tsoro ko kunya, ya riƙe littafin ya daina zuwa, ɗakin karatu ya yi asarar littafi da mai karatu gaba ɗaya. Zan yarda cewa ƙaramin ɗakin karatu da ke sayen takarda da tawada da kuɗin tara zai ji a jikinsa, kuma dole hukuma ta cike masa wannan giɓi kafin ta soke. Amma wannan ma magana ɗaya ce, kuɗin gudanarwa.

Ku ɗaga kai ku dubi rufin ɗakin karatun. Tantabaru sun yi sheƙa a magudanar ruwa, kashi da gashi da tsinke sun toshe ta, ruwa ya koma baya ya bi ta silin ya jiƙa bango. Da zarar laimar ɗaki ta wuce kashi 65 cikin 100 ta daɗe a haka, funfuna za ta fara cin takarda, littafin da ya jiƙe kuwa kwana biyu ya isa ta kama shi. Share magudanar kuwa aikin mutum biyu ne da tsani, sau biyu a shekara, kafin ruwan sama da bayansa. Ofishin lafiyar muhalli zai ce rufi ba nasa ba ne, ofishin ayyuka ya ce tsuntsu ba nasa ba ne, ofishin al'adu ya ce shi dai littafi aka ba shi. Kowa ya zame, littattafai suna ruɓewa.

Don haka duk ɗan majalisar birnin da aka kawo wa takardar sabon aiki, kada ya ɗaga hannu sai ya ga layi uku a jikinta: nawa za a kashe wajen kula da shi kowace shekara, daga wane asusu kuɗin zai fito, kuma wane ofishi ne za a tuhuma idan ya lalace. Kwangilar tsuntsaye kada ta wuce sai an ƙidaya su kafin a fara, a sake ƙidayawa bayan shekara guda, a wurare ɗaya da lokaci ɗaya, a kuma bayyana wa jama'a sakamakon. Sanarwar ɗakin karatu kuwa ta faɗi awa nawa yake buɗe a mako, nawa daga ciki ne bayan an tashi daga aiki, da littattafai nawa aka saya a bana.