Tambaya ɗaya, amsa biyu: abin da ajin yau ya gada daga Kwanfushiyas

Masu kallo, barkanmu da war haka. Yau ƙasar Sin za mu leƙa, wajen wani malami da ya rayu shekaru kusan 2,500 da suka wuce.

Mutanensa na kiransa Kongzi, duniya kuma ta fi saninsa da Kwanfushiyas. An haife shi a masarautar Lu, cikin lardin Shandong na yanzu, a shekara ta 551 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A lokacin karatu na 'ya'yan sarauta ne. Shi kuwa ya ce duk wanda ya zo da ɗan ƙunshin busasshen nama a matsayin gaisuwar malami, ba zai hana shi karatu ba.

Almajiransa sun adana wani labari a littafin maganganunsa. Wata rana almajirinsa Zilu, mutum mai zafin nama, ya ce: "Malam, in na ji abin da ya dace, in aikata nan take?" Malam ya ce: "Mahaifinka da yayyenka na raye, ya za ka yi gaban kanka?" Sai ga Ran You da wannan tambayar sak. Malam ya ce masa: "Da ka ji, aikata." Wani almajiri, Gongxi Hua, da aka yi duka biyun a gabansa, ya kasa haƙuri ya nemi dalili. Malam ya ce Ran You mai ja da baya ne, shi ya sa ya tura shi gaba. Zilu kuwa garaje gare shi, dole a riƙe masa linzami.

A kwalejojin horar da malamai na yau, ana koyar da wannan da sunan koyarwa daidai da buƙatar kowane ɗalibi. Wanda ya yi makarantar allo ma ya san ɗanɗanonsa, domin kowane yaro da inda aka biya masa. Sharaɗin dai guda ne, kuma mai nauyi: sai malami ya san halin yaron da ke gabansa.

Akwai wata maganarsa da ta fi wannan tsauri. Ya ce in ya ɗaga wa ɗalibi kusurwa ɗaya bai dawo masa da sauran ukun ba, ba zai maimaita ba. Wato ba ya tauna wa ɗalibi abinci ya zuba masa a baki.

Mu shiga ajin lissafi na firamare a Japan. Malama ta rubuta matsala ɗaya tak a allo, ba ta nuna hanyar warware ta ba. Yara suka duƙufa, wasu na gogewa suna sakewa. Ita kuma tana zagaye tsakanin tebura da takarda a hannu, tana rubuta wanda ya bi ta nan da wanda ya bi ta can. Daga baya ta zaɓi uku ko huɗu su fito, har da wanda ya kuskure, ajin ya yi muhawara a kan inda lissafinsa ya karkace. Ba a goge allon sai ƙarshen darasi, don kowa ya ga yadda tunanin ya tafi. Wani babban bincike da aka yi da kyamara a 1995, wanda ya kwatanta azuzuwan Japan da Jamus da Amurka, shi ya jawo hankalin duniya ga irin wannan salo. Japan ta aro abubuwa da yawa daga ilimin Turawa, amma ɗaukar wahalar tunani a matsayin karatu, ba abin kunya ba, tsohon gado ne a yankin.

Gadon yana da ɗaya gefen. Tun zamanin daular Sui, wajen shekara ta 605, sarakunan Sin suka soma ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa, daga baya littattafan Kwanfushiyas suka zama ginshiƙinta, har aka soke ta a 1905. Ta buɗe wa ɗan talaka ƙofa, amma ta mai da karatu hadda zalla, alhali shi malamin ya ce koyo ba tare da tunani ba ɓata ne. Yau ma ɗalibai sama da miliyan 10 ke zama jarrabawar shiga jami'a ta gaokao duk watan Yuni. Matsin ya kai har a 2021 gwamnati ta rage aikin gida, ta kuma taka wa kamfanonin lesin birki. Mengzi, wani malamin da ya biyo bayan Kwanfushiyas, ya ba da labarin manomin ƙasar Song da ya ga shukarsa ba ta sauri, ya bi yana jan ta sama, kafin ɗansa ya isa gonar duk ta bushe. A ganina duk uban da ke tura ɗan shekara shida lesin har dare ya kamata ya ji wannan labari.

Da ɗaliban birnin Shanghai na Sin suka zo na ɗaya a PISA, gwajin da ke kwatanta ɗaliban ƙasashen duniya, a 2009 da 2012, Ingila ta fara musayar malamai da birnin, a 2016 kuma ta ware fam miliyan 41 don yaɗa salonsu na lissafi a firamare. Littattafai da tsarin darasi sun ɗauku cikin sauƙi. Abin da ya yi wuya shi ne lokaci. Malamin lissafi a Shanghai lissafi kaɗai yake koyarwa, galibi darasi biyu a rana, sauran yinin yana duba aikin yara, yana zama da waɗanda ba su gane ba, yana kallon darasin abokan aikinsa. Takwaransa na firamaren Ingila kuwa yana tsaye gaban aji kusan duk yini, da kusan dukan darussa a wuyansa.