Damina Ta Dawo, Mai Gona Bai Dawo Ba

Ku dubi wannan gawon da ke bakin fadamar Rima. Watan Agusta ne, marka ta kankama, ko'ina kore shar, shi kuwa ya kaɗe ganyensa tas. Sai ruwa ya ɗauke, sauran itatuwa sun fara zubar da nasu, sannan ya tofo. Ku riƙe shi a rai, za mu dawo kansa.

Assalamu alaikum jama'a. Yau zancenmu a kan marsiyya ne, wato waƙar kukan mamaci, da abin da ya sa mawaƙa ba sa rabuwa da rani da damina idan za su yi ta.

Sakkwato ba baƙuwar marsiyya ba ce. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga rasuwar mahaifinta a 1817, ta ga ta ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, ta ga ta mijinta Waziri Giɗaɗo. Ta yi wa nata marsiyoyi, tana lissafa kyawawan halayen mamaci, ta bayyana raɗaɗin da ke ranta, ta rufe da addu'a. Daga kuka zuwa miƙa wuya ke nan. To amma tsakaninsu akwai tafiya mai nisa, kuma mawaƙi yana bukatar abin da zai auna ta da shi. Bahaushe dama da damina yake ƙirga shekara. Za ka ji tsohuwa ta ce, damina uku ke nan da rasuwar Malam.

Ku ɗauki misali. Magidanci ya rasu a Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Matarsa ta shiga takaba, wata 4 da kwana 10. Tana ɗaki shamuwa ta iso. Tana ɗaki hadari ya haɗu daga gabas, ruwan fari ya sauka, ƙamshin ƙasa ya shigo har gado. Kashegari da asuba tana jin maƙwabta suna fita shuka, ga sunguminsa jingine a bayan rumbu babu mai ɗauka. Ranar da za ta fita takaba, ƙarshen Agusta, gero ya fi ta tsayi.

Mawaƙin kirki ba sai ya ce "ta yi baƙin ciki" ba. Sungumin nan ya isa.

Wannan salo tsoho ne. Al-Khansa, mawaƙiyar Larabawa da ta riski zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta yi shekaru tana kukan ɗan'uwanta Sakhr. Fitowar rana tana tuna mata shi, faɗuwarta ma haka. Cikin yabonsa ta ambaci lokacin sanyi, domin a lokacin ne abinci ke wuya, shi kuwa yake yanka wa mutane dabba. Ke nan duk sanyin da ya zagayo, giɓinsa ake gani. A Ingila kuma, mawaƙi Tennyson ya rasa amininsa Arthur Hallam a 1833, bai fitar da doguwar marsiyyarsa ba sai 1850. Kirsimeti uku ne ginshiƙanta: ta fari gida ya yi tsit ana ƙoƙarin murnar dole, ta biyu hawaye sun fara bushewa, ta uku iyalin sun ma bar tsohon gidan.

Sai dai a nan nake da ƙorafi ga matasan marubutanmu. Bature yana ɗaukar lokacin zubar ganye alamar mutuwa, mu kuma muka fassara sunan lokacin da kaka. Sai ka ga yaro a jami'a ya rubuta waƙar Hausa yana kuka da kaka. Haba! Kaka a wurinmu ai rumbu cike, ga bukukuwan aure, ga dambe da kokawa a dandali. In kana neman kaɗaici, ga hunturu nan, hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, tsofaffi na jin wuta. In ƙunci kake nema, ga bazara, rijiya ta yi ƙasa, hatsi ya ja baya, ido na sama.

Malamanmu kuwa ba daga nesa suka ɗauko hoton ba. Suratul Kahfi, aya ta 45, ta kwatanta rayuwar duniya da ruwan da ya sauka, tsiro ya cakuɗa, sannan ya zama busasshen karmami iska na watsawa. Suratur Rum, aya ta 50, ta ce a dubi yadda Allah ke rayar da ƙasa bayan mutuwarta. Ruwa ɗaya, fuska biyu: ƙarewa da tashi. Shi ya sa marsiyyarmu ba ta yi wa mai makoki alkawarin cewa damina za ta mayar masa da wanda ya tafi. Haɗuwa tana can gaba. A nan kuwa ciyawa ce kawai ke dawowa, har a kan kabarin.

Mu koma kan gawonmu. Mai makoki haka yake, gari ya yi kore shi yana bushe. Ranar sadakar arba'in ta wuce, masu cewa "ya haƙuri?" sun ragu, ana ganin ya kamata a ce ya warware. Shi kuwa da sauransa.

Ga gawon nan dai a Fabrairu. Fadama ta tsage, karan dawa ya ƙare a gonaki. Gawon kuwa ya cika da ganye, makiyayi ya tara awakinsa a inuwarsa, suna tsintar 'ya'yan da suka zubo.