Yadda Ake Sauya Iyakar Fuloti a Cikin Birni

Assalamu alaikum masu kallo. Abin da kuke gani fuloti ne mai ƙafa 100 a 100 a awon gwamnati, wanda mai shi ya rasu, kuma da aka yi rabon gado ya faɗo a kason 'ya'yansa maza biyu. Sun zauna gaban mai unguwa da shaidu, sun amince kowa ya ɗauki rabi, suka kira birkila ya ja katanga a tsakiya. A ganinsu yanzu akwai fuloti biyu masu ƙafa 50 a 100. A fayil ɗin ma'aikatar ƙasa da safiyo kuwa, har gobe fuloti ɗaya ne, mai lamba ɗaya, da sunan marigayin a kan takardar mallaka. Katanga ba ta sauya iyaka, domin iyakar da hukuma ta sani ita ce wadda ke cikin taswirar safiyo da duwatsun da aka kafa a kusurwowin filin.

Tushen wannan shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, kuma tsarin mulkin 1999 ya ba ta kariya ta musamman. Dokar ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mai fili ke riƙe da shi kuwa haƙƙin zama ne na wani wa'adi, wanda a filayen gidaje yawanci shekara 99 ne. Ga mutanen Arewa wannan ba baƙon tsari ba ne, domin daga dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 aka ɗebo yawancinsa. Sashe na 22 ya hana mai takarda ya sayar ko ya jinginar da haƙƙinsa, ko da wani yanki ne na filin, sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. Wanda ya shafi 'yan'uwan nan kai tsaye shi ne sashe na 24, wanda ya ce ba za a raba irin wannan haƙƙi gida biyu ko fiye saboda mutuwar mai shi ba, sai gwamna ya yarda. A Abuja ministan babban birnin tarayya ne ke riƙe da wannan iko.

Ƙofa biyu za su ƙwanƙwasa. Ta farko ita ce ta masu rajistar ƙasa, wato KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Ta biyu ita ce ta masu tsara birane, irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna. Akwai dokar tarayya ta tsara birane ta 1992, amma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Saboda haka ƙa'idar da aka bi wa ɗan'uwanka a Kaduna ba lallai ta zama ita za a bi maka a Kano ba.

Me masu tsara birane ke dubawa? Abu na farko shi ne hanya. Idan 'yan'uwan nan sun tsaga filin ta yadda kowane rabi yana fuskantar titi, sun sauƙaƙa wa kansu. Idan kuwa sun raba shi gaba da baya, na bayan ya zama ba shi da mashiga sai ta tsakar gidan ɗan'uwansa, kuma a ganina jami'in da ya ƙi sa hannu a kan irin wannan rabo ya yi wa iyalin alheri, domin yardar da ke tsakanin wa da ƙane yau ba ta ɗaure wanda zai sayi gidan gaba nan da shekara 20. Sai girman abin da ya rage: kowace unguwa tana da tsarinta, kuma a irin unguwannin da aka ware wa manyan filaye, kamar Nasarawa a Kano ko Maitama a Abuja, ba a barin mutum ya yayyanka fili yadda ya ga dama. Ana kuma duba tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da titi, da magudanar ruwa, da wayoyin lantarki masu ƙarfi, domin fili yana iya yin kyau a takarda, amma idan aka cire wannan tazara abin da ya rage ba zai ɗauki gida ba. Idan kuma ɗayansu yana son ya mayar da nasa rabin shaguna, wannan buƙata ce ta daban, ta sauya manufar fili daga zama zuwa kasuwanci, kuma izinin rabawa ba ya wadatar da ita.

Aikin kansa yana farawa ne da safiyo mai rajista da hukumar SURCON da ke kula da masu aikin safiyo, wanda zai nemo tsofaffin duwatsun iyaka, ya auna, ya zana sabuwar taswira. Daga nan a shigar da buƙata tare da takardar mallaka ta asali, da takardar kotu da ta tabbatar da magada, da rasit na kuɗin ƙasa na shekara-shekara, domin idan akwai bashi za a nemi a biya. Jami'ai za su je su ga filin da idonsu. Idan an amince, sai a mayar da tsohuwar takarda, a fitar da sababbi biyu, kowacce da lambarta. Idan takardar tana jingine a banki, babu abin da zai motsa sai bankin ya yarda.

Haka abin yake idan haɗe fuloti biyu ake so, ko maƙwabci zai sayar wa maƙwabcinsa ƙafa goma don ya samu wurin ajiye mota: dole a gyara taswirar filayen biyu, in ba haka ba ranar da wani zai sayi ɗaya daga cikinsu, safiyonsa zai tarar da dutsen iyaka a cikin garejin wani. Ƙarin da ake yi ta wajen titi kuwa ba na maƙwabci ba ne balle ya sayar, fili ne da aka ware wa hanya da lambatu, kuma irinsa ne aka fi shafa wa jan fenti kafin rusau. Mai filin awon igiya, wanda takardarsa ta dillali da mai unguwa ce kawai, shi sai ya fara neman a shigar da filin cikin rajistar gwamnati tukuna, sannan a yi maganar raba shi.