Lacca: Furen Wake, Ƙudan Zuma da Yanayin Safiya

Assalamu alaikum. Jama'a, mu fara da furen kansa. Furen wake da sassafe yake buɗewa, kafin azahar ya rufe, kuma ba ya sake buɗewa. Duk ƙwaron da zai ziyarce shi, 'yan sa'o'in nan kaɗai gare shi.

Wake da gyaɗa suna iya yi wa kansu barbara, wato isar garin fure inda zai sa a sami kwanso, domin garin fure kan zuba tun furen yana rufe. To, me ƙwaro ke ƙarawa? Ku duba furen wake da kyau: akwai ɓangare na ƙasa mai kamar kwalekwale, a cikinsa garin yake ɓoye. Sai ƙwaro mai nauyi ya sauka ya danne shi sannan garin ya shafi jikinsa, ya kai wa wani fure. Babban baƙin ƙudan nan mai huda busasshen icce shi ne gwanin wannan aiki. Ƙudan zuma kuwa sau da yawa ruwan zaƙin da ke tsatsowa a gindin fure yake sha ya wuce, bai taɓa garin ba. Don haka yawan ƙwari a gona ba shi ne yawan barbara ba.

Sai yanayi. In aka yi sanyi har ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 12 na Celsius, ƙudan zuma da ƙyar yake fita. Ruwan sama da iska mai ƙarfi suna tsare shi a amya, kuma in aka wayi gari da ruwa har hantsi, furen ranar ya wuce ke nan. Zafi kuma shukar yake cutarwa kai tsaye: daren da ya haura digiri 20 yana iya lalata garin furen wake, wasu furanni su kakkaɓe ba kwanso. In garin ya lalace, ko ƙwari sun cika gona, ba abin da za su ɗauka.

Mai son auna aikin ƙwari a gonarsa ya ware tushe 10, ya zauna minti 10 a kowace sa'a daga ƙarfe 6 zuwa 11, yana ƙirga masu danna fure kawai, yana rubuta zafi da gajimare da iska. Ya rufe wasu furannin da raga tun ba su buɗe ba, ya kwatanta kwansonsu da na waɗanda aka bari.

Abin da ya fi damuna shi ne feshi. Lokacin fure ne tsutsar kwanso ke shigowa, manomi ya ɗauki famfo da safe, daidai lokacin da masu barbara ke aiki. Don Allah a bari sai yamma, bayan fure ya rufe. Busasshen kututturen bakin gona ma kada a ƙone shi, gidan baƙin ƙudan nan ne.