Ɗan ƙarfen da ke ƙarƙashin danja

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, musamman 'yan uwana na Kaduna. Yau ina kan titi a Manchester, tun asuba ake yayyafi, ku yi haƙuri da ɗigon da ke kan kyamara.

Ku matso ku ga wani abu. Kun ga akwatin nan da ake danna maɓallinsa kafin a tsallaka titi? Bari in zura hannu a ƙarƙashinsa. Akwai wani ɗan ƙarfe mai tsini, da zarar danja ta ba masu tafiya a ƙafa hannu sai ya kama juyawa kamar katantanwar da muke murzawa muna yara. Ga shi nan, yana juyi a kan yatsana. Domin makafi aka yi shi, har da wanda ba ya ji kuma ba ya gani. Tayil ɗin nan mai ƙuraje da nake takawa shi ma nasu ne, sanda na taɓa shi mutum ya san ya iso bakin titi. A Japan aka fara shimfiɗa irinsa, a 1967.

Ranar da aka nuna mini ƙarfen nan, wallahi kawuna ne ya faɗo mini a rai.

Kawu yana Tudun Wada. Ƙyanda ce ta tafi da idanunsa tun yana yaro. Gurmi yake kaɗawa, kuma Allah ya hore masa murya, idan ya ɗauko waƙa har masu shayi sai sun rage rediyo. Ni ne ɗan jagoransa lokacin ina firamare. Ina riƙe da kan sanda, shi yana riƙe da gindinta, mu ratsa Kasuwar Barci ina ta faɗin "Kawu, kwata," "Kawu, ɗaga ƙafa," "Kawu, ga ɗan acaba." Duk ranar da ya samu gayyatar biki, ranar ba ni ba makaranta. Shi ma abin yana ci masa rai, to amma ya zai yi da lambatun da ba murfi?

Abin da ya fi tsaya mini shi ne gidan biki. A yi ta yi masa liƙi, mata na guɗa, amma da an sauke tukunya sai a miƙo masa nasa a kwanon roba can bakin zaure, manyan baƙi suna ciki kan darduma. Kaya biyu yake ɗauke da su, ga makanta ga sunan maroƙi. Da ya je neman aure karo na farko, ƙiri-ƙiri aka ce masa gidan ba sa ba maroƙi 'ya.

Alhali a can Zariya aka yi Malam Aliyu Namangi, makaho, mai Waƙar Imfiraji, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa. Baitocinsa ne makafi da yawa ke rerawa a ƙofar gidajenmu, mu kuwa mu ce "Allah ya ba da haƙuri" ko leƙowa ba mu yi ba.

Doka kam akwai ta. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. Ta ware musu kashi 5 cikin 100 na ayyukan gwamnati, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika tun 2024. Amma zuwana gida na ƙarshe, a wani banki da ke Ahmadu Bello Way, na ga wani bawan Allah a keken guragu an bar shi a rana yana cike takarda a kan cinya, saboda ƙofar tsaron ba ta ɗaukar kekensa. An hana bara a Kaduna tun 2015, na yarda bara ba sana'a ba ce. To wanda aka kora daga titi, ta wace ƙofa zai shiga ofis?

Ina roƙon alfarma ɗaya. Juma'ar nan idan kun je masallaci, ku ƙirga matakalar da ke bakin ƙofa, ku gaya mini nawa ce, kuma ko akwai gangaren da keke zai hau.

Ga bas ɗina ta iso. Ku dubi yadda za ta rusuna ta zuro wa dattijuwar can faranti ta hau da kekenta. Bari in ja baya ta fara shiga.