Bidiyo na sarƙewa lokacin tacewa: laifin faifai ne ko furosesa?

Hadiza: Assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Yau ina tare da Malam Bashir da Yaya Usman. Ƙorafin da masu tace bidiyo suka fi yi shi ne, mutum ya ɗora bidiyon 4K, wato mai tsananin kyan hoto, a manhajar tacewa kamar Premiere Pro ko DaVinci Resolve, yana kunnawa sai hoto ya riƙa tsalle-tsalle, murya ta yi gaba ta bar shi. Nan take sai ya ce faifansa ne ba ya sauri, sai ya sayi SSD, wato faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa. Malam, haka abin yake?

Bashir: Wani lokaci haka ne, Malama Hadiza, amma sau da yawa faifan ba shi da laifi. Mu yi lissafi. Kyamarori da dama suna ɗaukar 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa. In kika raba da takwas, megabait 12.5 ke nan. Faifai mai juyawa, irin wanda ake jonawa ta USB, yana karanta kusan megabait 100 a daƙiƙa. Kin ga ko kusa bai gaji ba.

Usman: Amma Malam, akwai sharaɗi. In aikin na kyamara uku ne ko huɗu a lokaci guda, allurar faifan za ta riƙa kai-komo tsakanin fayiloli, saurin ya faɗi. Sannan a duba kebul da ramin da aka jona. USB 2.0 da ƙyar yake ba ka megabait 40. Ko SSD ka jona a nan, a banza.

Bashir: Gaskiya ne. Amma in an cire waɗannan, abin da ya fi jawo sarƙewa shi ne yadda aka matse bidiyon. Tsarin matsewa na H.264 da H.265 ba sa ajiye kowane firam, wato kowane hoto guda cikin jerin hotunan bidiyo, cikakke. Suna ajiye guda cikakke, sauran da ke biye kuma bambancin kawai ake rubutawa. To duk lokacin da kika tsaya a tsakiya, dole kwamfuta ta koma baya ta nemo cikakken, ta sake gina hoton daga nan. Wannan nauyin a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da katin hoto, wato ɓangaren da ke sarrafa hotuna, yake.

Hadiza: To ta yaya mutum zai gane wanne ne a cikin biyun?

Bashir: Ya buɗe Task Manager in Windows ce, ko Activity Monitor in Mac ce, ya kunna bidiyon yana kallo. In furosesa ta cika maƙil, faifai kuwa yana hutawa, sabon faifai ba zai gyara komai ba. Abin yi shi ne furoksi, wato manhaja ta yi ƙananan kwafi masu sauƙin karantawa, ka yi aikinka da su, in ka zo fitarwa ta koma kan na asali.

Usman: Ko a juya bidiyon zuwa tsarin ProRes ko DNxHR, waɗanda ke ajiye kowane firam cikakke. Sai dai suna cin wuri sosai. ProRes 422 HQ a 1080 kawai yana kai kusan gigabait 100 a awa guda. A nan ne SSD ke amfani, domin nau'insa na SATA yana kai megabait 550 a daƙiƙa, nau'in NVMe kuma dubbai.

Hadiza: Yaya Usman, jan allon nan fa da ke cewa Media Offline? Yana tayar wa mutane hankali.

Usman: Yawanci fayilolin suna nan lafiya. Manhajar tana tuna adireshin fayil ne kawai. In aka sauya sunan folda, ko Windows ta ba faifan harafin F alhali jiya E ne, sai ta rasa su. A shiga Disk Management a ba shi harafi na dindindin, kuma kowane aiki a tara komai nasa cikin folda ɗaya tun daga farko.

Bashir: A kuma kula da tsarin faifan, wato yadda aka tsara shi ya riƙa ajiye fayiloli. FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4. Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa. Mai aiki da kwamfutocin biyu, exFAT ne mafita.

Hadiza: Wani kuma sai ya ga faifan C, wato babban faifan da Windows ke kai, ya cika, bai san me ya cinye shi ba.

Bashir: Fayilolin wucin gadi ne da manhaja ke tarawa. A mayar da su wani faifan, a riƙa sharewa, domin za ta sake yin su in ta buƙata.

Usman: Ni abin da ya fi damuna shi ne masu goge katin kyamara alhali kwafi ɗaya suke da shi. Faifai na mutuwa ba sanarwa, kuma taron da aka ɗauka ba ya maimaituwa. Kwafi uku ake so, a na'urori iri biyu, ɗaya a ajiye shi a wani wuri daban.

Hadiza: Mai RAID fa, wato tsarin da ke haɗa fayafai da yawa su riƙe bayanai tare, bai tsira ba?

Usman: A'a, ƙanwata. In kika goge fayil bisa kuskure, daga dukkan fayafan zai ɓace a lokaci guda. Shi ma sai ya yi kwafi a waje.