Hirar shayi daga Marwa: yaɓe ko magani?

Dija: To salamu alaikum jama'a, yau ma ni da Yaya Buba da Sani ne. Rigimar guruf ɗin WhatsApp ɗin nan dai kun san ta, kan yadda za a kashe kuɗin da aka tara na masu zazzaɓin cizon sauro...

Buba: Tsaya Dija bari in fara, don ni aka fi zaga. Cewa kawai na yi a ware ɗan wani abu a kai garin Pus na nan arewacin Kamaru a yi wa ɗakunan gargajiya na ƙabilar Musgum yaɓe, shi kenan aka taso min wai yara na kwance ni ina zancen laka. Alhali damina ɗaya ce ke kawo su biyun, ruwan da ke zaizaye bango shi ne ke kwanciya a kududdufi sauro ya yi ƙwai.

Sani: Amma Yaya bango ba ya suma.

Buba: Yana mutuwa kuwa! Ɗakin nan da suke kira teleuk wani sai ya kai mita 9, babu azara babu ginshiƙi, laka ce da ciyawa kawai aka ɗaga da hannu, ga ƙofa a can ƙoli ta fitar hayaƙi, kuma zanen nan da ke jikinsa ba ado ne kaɗai ba, shi ke raba ruwan sama kuma shi mai yaɓe ke takawa ya hau, to in tsofaffin da suka iya suka tafi wa zai gina?

Dija: Sani dai ba zai hau ba, da wannan tumbin.

Sani: Ni da na hau bishiyar mangwaro...

Dija: A wace shekara? Zamanin Shugaba Ahidjo?

Buba: Haha! Ya taka ɗaya ɗakin ya zauna, mu koma tara kuɗin ɗori.

Sani: Ku dai ku ci gaba, ɗakin kwanonku ma a watan Afrilu ai tanda ne.

Dija: To ni ga inda na tsaya. Ana ta cewa ai tun 2011 maganin zazzaɓin ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, kuma daga Yuli zuwa Oktoba ana bi gida-gida da ƙwayoyin rigakafi, ga allurar rigakafin zazzaɓin da Kamaru ta fara a Janairun 2024. Duk gaskiya ne. Amma kuɗin mashin daga ƙauye zuwa asibiti fa? Ledar jini in yaro ya ɗashe? Yaron da ya kai shekara 7? Nan kuɗinmu ke shiga, ba a bango ba.

Buba: Ban ƙi ba ƙanwata, amma duba, UNESCO ta sa Diy-Gid-Biy, tsofaffin gine-ginen dutsen nan na duwatsun Mandara, cikin kayan tarihin duniya a 2025, baƙi za su fara leƙowa, in ɗakunan Pus suna tsaye mai kallo ya biya, a raba biyu, rabi yaɓe rabi magani...

Sani: Baƙi da wannan hanyar Maga ta zuwa Pus cikin damina?

Buba: Da rani mana!

Dija: Zazzaɓin kuma ya jira rani ko? Yaya an kira magariba, batirina ma ya yi ja. Ƙuri'ar da muka ce za a kaɗa sai wani makon, Sani kashe.